Shekara guda ta koyarwar sa-kai: inda aka fi yin tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Wanda ya ɗauki alkawarin shekara guda yana taimaka wa yara da karatu a makarantar da ke fama da ƙarancin malamai da littattafai, ya fara lissafa lokacinsa tukuna. Cire hutu, cire makonnin jarrabawa, cire ranakun da yaro bai zo ba. In ka tsira da mako 30 na aiki, ka yi sa'a. Zama uku a mako, kowanne minti 30, ya ba ka zama 90, wato awa 45 kacal tsakaninka da kowane rukunin yara. Kusan duk kurakuran da sababbin 'yan sa-kai ke yi, waɗannan awoyi suke cinyewa.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne koyar da littafin ajin maimakon yaron da ke gabanka. An ba ka 'yan aji biyar, sai ka buɗe littafin aji biyar. Alhali a 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Lambar aji shekarun zama take nunawa, ba iyawa ba. Don haka a makon farko kada ka koyar da komai, gwaji za ka yi. Shirya takarda ɗaya mai kashi huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari. Zauna da yaro ɗaya-ɗaya na minti biyar. Fara masa da sakin layin. In ya wuce, ku hau labari, in ya kasa, ku sauka kalmomi, sannan haruffa. Ka raba su rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa shekaru ko aji ba. Wannan ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi, kuma ba ya bukatar komai sai takarda da biro. Maimaita gwajin duk bayan mako shida, wanda ya ci gaba ya canza rukuni.

A kula da hadda. Yaro zai iya rera shafi guda daga sama har ƙasa, yatsansa na bin layi, alhali bai san kalma ko ɗaya ba. Ya ji an maimaita ne har ya zauna masa a ka. Karatun taro, inda kowa ke amsawa da murya ɗaya, shi ke ɓoye wannan. Rufe hoton shafin, ka nuna kalma daga ƙarshen layi, ko ka rubuta ta ita kaɗai a wata takarda. In ya yi shiru, to aikinku na kan sautin haruffa da haɗa gaɓoɓi ne, ba kan labari ba.

A lissafi kuwa, kuskuren mai koyarwa shi ne sa jan biro a kan amsa ba tare da ya bi sawun yadda aka same ta ba. Ba yaro 52 a cire 37, ya rubuta 25. Ba shirme ya yi ba, ƙa'ida yake bi, sai dai gurguwa ce: a kowane gida, wato na ɗaya-ɗaya da na goma-goma, yana cire ƙaramar lamba daga babba, bakwai ban da biyu saura biyar, biyar ban da uku saura biyu. In ka ce masa "ba daidai ba, 15 ce", gobe ma haka zai yi. Kawo tsinkaye, a ɗaure goma-goma da roba. Ɗauri biyar da tsinke biyu a gabansa, ka ce ya ba ka bakwai. Zai duba ya ga biyu ne a sake, dole ya kwance ɗauri ɗaya ya samu goma sha biyu. Abin da ake kira aro ke nan, ya yi shi da hannunsa. Sai ya yi irin wannan sau da yawa kafin a koma takarda.

Yawan magana ma cuta ce ta sabon mai koyarwa. Cikin minti 30, in ka cinye 20 kana bayani, yaran sun zo sauraro ne, ba koyo ba. Juya lissafin: minti biyar na bitar zaman baya, biyar na sabon abu, goma sha biyar su yi da hannunsu kana zagayawa, biyar na ƙarshe kowa ya nuna abin da ya iya. Kuma ka daina tambayar "kun gane?", domin amsarta kullum "e" ce. Ce masa "yi mini wannan in gani". In ka yi tambaya, ka jira. Binciken Mary Budd Rowe, wata masaniyar ilimi 'yar Amurka, a shekarun 1970 ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kawai kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani ɗalibi, kuma ƙara jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye na sa amsoshi su yi tsawo, yara da yawa su sa baki. Ƙirga biyar a zuciyarka. Shirun zai dame ka da farko, amma yaron da ba ya ɗaga hannu a cikinsa yake tunani.

Rukuni kada ya wuce yara huɗu ko biyar in da hali. Tausayi kan sa a karɓi duk wanda ya leƙo, har a wayi gari an sake buɗe wani ajin mai cunkoso. Haka nan zama ɗaya na awa biyu a mako bai kai gajerun zama uku amfani ba, don abin da aka koya aka bari kwana bakwai, yawancinsa ya zube. Ɗauki ranakun da ka tabbata za ka iya riƙewa har ƙarshen shekara, ko da biyu ne. Ɗokin watan farko ba ya daɗewa.

Sai malamin ajin. Shi ya riga ka zuwa, kuma zai ci gaba da zama bayan ka tafi. Gyara masa kuskure a gaban ɗalibai, ko kawo wata hanyar raba lamba dabam da tasa ba tare da shawara ba, rikita yaro kawai yake yi. Nemi minti goma a mako ku zauna: me ake koyarwa yanzu, wa ya fi bukata, wane lokaci za a ɗauki yara ba tare da sun rasa darasi ba.

Akwai iyakokin da ba a sassauci a kansu. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki rufe. Zauna inda ake ganinku. Kada ka ɗauki hotonsu ka sa a intanet, kada ka ba wani kuɗi ko kyauta shi kaɗai, kada ka karɓi lambar wayarsa. In yaro ya ce zai faɗa maka wani abu amma ka rufa masa asiri, kada ka yi alkawari. In maganar cutarwa ce, rubuta ta da kalmominsa a ranar, ka kai wa wanda makaranta ta ɗora wa alhakin kare yara. Bincike ba aikinka ba ne.

Tun ranar farko ka buɗe littafi, kowane yaro da shafinsa: matakin da ya fara, ranakun da ya zo, abin da ya kama, abin da ke ba shi wuya, kamar "yana rikita b da d" ko "yana aro in da tsinkaye, ba ya yi a takarda". Saura wata guda ka tafi, faɗa wa yaran ranar tafiyarka ƙarara, ka sake yin gwajin makon farko, sannan ka miƙa littafin da katunan kalmomi da ɗaurin tsinkayen ga malamin ajin, ku bi shafukan tare ɗaya bayan ɗaya.