Yadda ake tsare iyakar aikin ginin gida kada ya tsaya a linta

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin gefen Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai ga kangwaye sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna. In ka tambaya, za a ce kuɗi ne suka ƙare. Haka ne, amma sau da yawa ba ginin da aka yi niyya tun farko ne ya cinye su ba. Da ɗaki uku da falo aka fara, ana cikin aiki aka ce a fitar da shago a gaba, a faɗaɗa kicin, a bar wurin bene. Maganin wannan shi ne iyakar aiki: a san abin da za a yi, a san abin da ba za a yi ba, a kuma san hanyar da canji zai bi kafin ya shigo.

Matakin farko, kafin ka je wurin mai zane, ka zauna da duk wanda ke da ta cewa a gidan, musamman uwargida. Ita ta san inda kicin ya kamata ya fuskanta, da inda za a yi wanki da shanya, da girman sito. In ba ka ji ta bakinta yau ba, za ka ji bayan an yi filasta, kuma a lokacin guduma ce za ta yi gyaran. Duk abin da aka faɗa a raba shi gida biyu: wanda ba za a iya tarewa ba sai da shi, da wanda zai jira in Allah ya hore. Na farkon kaɗai ne aikin bana.

Mataki na biyu shi ne rubutu, kuma nan ne akasarin rigima ke ɓuya. Mai gida ya ce "na ba shi jingar ginin gaba ɗaya", magini ya ce "ni bulo da filasta na karɓa". Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da abin da ya fahimta. Don haka takardar jinga ko kwangila ta faɗi adadin ɗakuna da awonsu, bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6 kuma a wane bango, guda nawa za a buga daga buhun siminti ɗaya, rodi mai milimita 12 ne ko 16, wane irin kwano da kaurinsa, tayil ne ko daɓen siminti. "Kwano mai kyau" ba bayani ba ne. Malaman fiƙihu ma da suka yi magana kan cinikin istisna'i, wato ka ba mai sana'a kwangilar abin da bai riga ya yi ba, sun sharɗanta a bayyana nau'insa da siffarsa da adadinsa yadda ba za a yi jayayya ba.

Sannan a buɗe wani sashe a takardar, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci: abubuwan da ba sa cikin wannan aiki. Katanga da get, sokawe, tankin ruwa da ƙarfen ɗora shi, janyo wuta daga falwaya, kwashe ɓaraguzai, kuɗin mai gadi, da wanda zai riƙa biyan 'yan garuwa ruwan kwaɓi. Waɗannan ne kowa ke zaton ɗayan ya ɗauka. A sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Na uku, kada a haƙa fandisho sai zane ya kammala, hukumar tsara birane ta amince, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Gaggawar fara aiki ba mu kaɗai take ci ba. Shahararren gidan kiɗe-kiɗe da wasan kwaikwayo na birnin Sidni a Ostireliya an fara gininsa a 1959, alhali ba a gama warware yadda za a yi rufinsa ba. An ƙiyasta dalar Ostireliya miliyan 7, za a gama a 1963. Ana cikin tafiya aka sauya tsarin ɗakunan cikinsa, mai zanen, Jørn Utzon, ya ajiye aiki a 1966, ba a buɗe ginin ba sai 1973, bayan ya lashe miliyan 102. Su gwamnati ce, suna da inda za su nemo ciko. Kai albashi ne da adashi.

Na huɗu, a kasa aikin mataki-mataki: fandisho, gini zuwa linta, rufi, wayarin da famfo, filasta da silin, fenti. Kowane mataki da kayansa da kuɗin aikinsa, kuma ba a biyan na gaba sai an duba na baya. Ka ware kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin a gefe saboda abin da ba a gani ba, misali a haƙa a tarar da ƙasa mai laka. Wannan kuɗi ba na sabon sha'awa ba ne.

Na biyar, umarni ya fito daga baki ɗaya. Wurin gini ba ya rasa masu ba da shawara. Yayanka zai leƙo ranar Asabar ya ce, "Malam, ai wannan tagar ta yi ƙanƙanta," birkila kuwa don girmamawa ya fasa ya faɗaɗa, lissafin ya dawo kanka. Tun ranar farko ka gaya wa ma'aikata cewa duk wanda ya kawo magana su amsa da ladabi, "To Alhaji, bari mu faɗa wa mai aikin," su ci gaba da abin da ke kan zane.

Wannan ba yana nufin an hana canji ba. Wani canjin dole ne, wani ma alheri ne. Sharaɗin shi ne kada a ɗora bulo ɗaya a kansa sai an amsa tambaya uku a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne: nawa zai ci, kwana nawa zai ƙara, me kuma zai taɓa. Ta ukun ce aka fi mantawa. Matsar da banɗaki ba bango kaɗai ba ne, bututun ruwa da hanyar sokawe da wayarin duk za su bi shi. Maganar bene kuwa ta fi kowace haɗari, domin nauyinsa a kan fandisho da ginshiƙai yake sauka. In ba a yi lissafinsa tun daga ƙasa ba, ba magini ne zai ce "zai ɗauka" ba, sai injiniya ya duba. Idan aka amince da canji kuma aljihu bai ƙaru ba, sai a cire wani abu mai kwatankwacin kuɗinsa a mayar da shi jerin masu jira.

A bambance tsakanin tashin farashi da ƙaruwar aiki. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a Najeriya, jinga da yawa ta rushe. Wannan ba laifin magini ba ne, kuma adalci shi ne takarda ta faɗi tun farko wa ke sayen kaya, da yadda za a yi in kasuwa ta motsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a cike giɓin a ɓoye, a rage siminti a kwaɓi ko a sa siririn rodi. Iyaka tana fashewa ta wajen ragi kamar yadda take fashewa ta wajen ƙari, kuma ragin ya fi wuyar ganewa tunda filasta na rufe shi. Shi ya sa ake duba rodi kafin a zuba kankare.

Mataki na ƙarshe shi ne karɓar aiki. Ka ɗauko takardar nan ka bi ta layi-layi tare da magini: a kunna kowane famfo, a gwada kowane soket, a buɗe a rufe kowace ƙofa. Abin da ya rage a rubuta shi da ranar gamawa. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin na wasu watanni saboda gyaran da zai bayyana, kai ma kana iya yin haka in kun amince tun farko, kuma gara wa'adin ya haɗa da damina don a ga halin rufi. Katanga da shagon da aka ajiye a jerin masu jira kuwa, idan lokacinsu ya yi, sabuwar jinga ce da sabuwar takarda.