Yadda Ake Sanya wa Tsohon Ƙaramin Jirgin Sama Injin Mai Ƙarfi

A Suame Magazine da ke Kumasi, makaniki kan ciro injin wata mota ya dasa a wata, ya gyara mazauninsa da walda, kafin la'asar mota ta kama hanya. Wannan gwaninta abin yabo ce, amma jirgin sama ba ya karɓar irin wannan aiki, domin ƙarfin gangar jikinsa da nauyinsa da saurinsa duk an lissafa su ne a kan injin da aka ƙera shi da shi.

Mataki na farko shi ne takarda. Akasarin tsofaffin ƙananan jirage ƙirar Amurka ne, kuma hukumar kula da harkokin jiragen sama ta can, FAA, tana bayar da shaidar amincewa da ake kira STC ga duk canjin da aka gwada aka tabbatar da ingancinsa. Da irinta ake cire injin Continental O-200 mai ƙarfin doki 100 daga jirgin Cessna 150 a sa Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 150, ko a ɗaga Piper J-3 Cub daga doki 65 zuwa 85. Jirgin da ke ɗauke da rajistar Gana, mai farawa da 9G, sai hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Gana, GCAA, da ke Akara ta amince da canjin, kuma injiniya mai lasisi ne zai yi aikin ya sa hannu. A nemi wannan izini tun kafin a biya kuɗin inji.

Daga nan sai a binciki jikin jirgin. Iskar teku a Akara tana ɗauke da gishiri, kuma tsatsa kan ci bututun ƙarfen Cub a ƙarƙashin yadin da ya rufe shi, musamman wajen wutsiya inda ruwa ke taruwa. A duba mazaunin inji da kyau, domin tsaga siririya kamar gashi takan buɗe idan jijjiga ta ƙaru.

Nauyi ne wurin da na fi son mai jirgi ya tsaya ya yi nazari. Babban inji yana ƙara wa hancin jirgi nauyi, sai ma'aunin daidaito ya karkata gaba, har matuƙi ya ja sanda zuwa ƙarshe yayin sauka hancin ya ƙi ɗagowa yadda ya kamata. Shi ya sa a wasu canje-canjen ake mayar da baturi can baya. Bayan an gama aiki, dole a ɗora jirgin a kan sikeli a sake lissafi, kada a dogara da tsohuwar takardar nauyi. Iyakar nauyin da aka yarje wa jirgin ba ta ƙaruwa sai in shaidar ta faɗi haka, don haka duk kilon da injin ya ƙara, daga kason fasinja da kaya da mai zai fita. Ga shi kuma sabon injin ya fi shan mai alhali tankin Cessna 150 na galan 26 bai canza ba, wato zangon tafiya ya ragu.

Farfela sai wadda shaidar ta ambata. A tabbatar bututun mai yana isar da abin da injin ke buƙata a lokacin hawa, a kuma gyara faifayen da ke karkatar da iska kan silinda. Lycoming ta sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260 na ma'aunin Salsiyos, amma a zafinmu gara a riƙe shi ƙasa da 205, a kuma riƙa duba matatar iska a lokacin hunturu saboda ƙura.

Tashin gwaji na ƙwararren matuƙi ne shi kaɗai, da sassafe, yana zagaye a saman filin jirgi. Zai ji jirgin yana fizga hagu fiye da da yayin tashi, sai ya ƙara taka fedar dama. Jan layin da ke kan agogon sauri, mai nuna iyakar gudun da ba a yarda jirgi ya wuce ba, yana nan inda yake, domin fukafukan ba su ƙara ƙarfi ba, kuma da sabon injin jirgin zai kai wannan layi da wuri idan aka sunkuyar da hancinsa.