Yadda Ake Gyara Fuskar Gida a Zariya Ya Daɗe da Kyansa

Yawancin masu gida idan sallah ko biki ya matso, mai fenti suke fara kira. A ganinmu shi ya kamata ya zo ƙarshe. Abin da ke lalata fuskar gida a Zariya ruwa ne: damina tana kaiwa daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, Agusta kuma ya fi kowane wata. Idan ba a tare hanyar ruwan ba, sabon fenti kan fara ɓarewa kafin damina ta biyu ta wuce.

Ka fara daga sama. Dubi kan katanga: in a buɗe yake, ruwa na shiga ramukan bulo, kuma yana gangarowa da ƙurar hunturu da ta taru, shi ne baƙin layin nan da ake gani yana zuba a jikin katangu a Tudun Wada da Sabon Gari. Sai birkila ya zuba masa hular siminti mai ɗan gangare, ta fito santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, a ja ɗan siririn rami a ƙarƙashin leɓen don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya koma jikin bango. Indararo ya zarce bango da aƙalla santimita 45, inda ruwansa ke sauka kuma a daɓe ko a zuba tsakuwa. Katakon goshin rufi in gara ta ci shi, a canja, kar a rufe da fenti.

Sai filasta. Ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, a fasa ta har a kai wuri mai ƙarfi. Tsaga siririya ana buɗe ta kaɗan da kurfi, a share ƙurar, a jiƙa, sannan a cike. Amma tsagar da ta bi karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda yatsa ke shiga, ko wadda ke daɗa faɗi duk shekara, daga tushe take. A kira injiniya ya duba kafin a kashe ko kwabo a kan ado.

Kwaɓin filastar waje buhun siminti ɗaya ne mai kilo 50 ga kwanon lebura 10 na yashi mai laushi da aka tankaɗe, kaurinta milimita 12 zuwa 15. Wannan zai rufe kusan murabba'in mita 10. Yashi mai laka shi ke jawo ƙananan tsage-tsage. Damƙi jiƙaƙƙe a hannu, in ya dunƙule ya bar jan shafi a tafinka, ka mayar wa mai tifa. A riƙa ba sabuwar filasta ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman in iskar hunturu ta fara, domin tana busar da siminti tun bai kama ba. Bayan haka a bar ta mako 3 zuwa 4 kafin fenti.

Ƙasan bango shi ne inda ake yawan yin kuskure. Za ka ga wani farin gari mai kama da kanwa yana fitowa, fenti na kumbura yana zubewa daga ƙasa zuwa gwiwa. Danshi ne ke tasowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. Mutane kan liƙa tayil ko su shafa fentin mai a wurin, danshin kuwa sai ya rasa mafita ya haura sama da inda aka rufe. Maganin shi ne a raba gindin bango da ruwa: a yi daɓen siminti mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, ya gangara waje da santimita 2 a kowace mita, a kwashe ƙasar da aka jingina da bangon, a gyara famfo ko bututun wanka da ke yoyo ta ciki. Farin garin a goge shi da busasshen burushin waya, kar a wanke da ruwa, don ruwa na mayar da gishirin ciki. Idan wurin ya bushe sosai, sannan a yi maganar tayil ko dutse.

Gidan ƙasa, irin na cikin birni, hukuncinsa daban. Kar a yarda a ɗora masa filastar siminti kai tsaye. Siminti ba ya kama tubali, ruwa ya shiga bayansa ya jiƙa ƙasar a ɓoye, wata rana sai ɓangare guda ya zubo da rabin bango. Yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, shi ya dace da shi, a sabunta kafin ruwan farko. In gidan yana da zanko da zane a goshin zaure, don Allah a nemo maginin gargajiya ya tayar da su. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a ƙarni na 19 bai kamata ya shafe wannan adon don kwaikwayon katangar bulo ba.

Yanzu fenti. Lokacinsa mafi kyau daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi nauyi ba. A kankare tsohon da ya saki, inda gansakuka ta yi kore a wanke da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 4, a bar shi minti 20, a ɗauraye, ya kwana biyu yana bushewa. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kusan murabba'in mita 8. Katanga mai tsawon mita 15 da tsayin mita 2.4 murabba'in mita 36 ke nan, shafi biyu zai ci lita 9. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka shi, domin yawan ruwa ne ke sa fenti ya riƙa fita a hannu kamar alli bayan wata shida. A bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Kar a shafa a bangon da rana ta gasa, a riƙa bin inuwa. Fari fat ba ya jure jar ƙasarmu. Ruwan madara, ruwan ƙasa ko toka mai haske sun fi, sannan a ja ɗamara mai duhu ta santimita 60 a ƙasa inda ruwa ke fantsama laka.

Get ɗin ƙarfe daga ƙasa yake ruɓewa. A goge tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai shafi biyu. Mai walda ya huda ƙananan ramuka a bututun ƙasa don ruwa ya fita, ya kuma ɗaga get ɗin santimita 5 daga daɓe.

Bishiya tana ƙara wa ƙofar gida kwarjini, amma darbejiya da mangwaro a nisanta su da katanga aƙalla mita 4, saboda saiwarsu tana ɗaga daɓe ta tsaga tushe. A shuka a Yuni, damina ta raine su, a kewaye da raga saboda awaki. Dakali kuwa ya tsaya cikin iyakar filinka. In aikin zai taɓa hanya ko ya canja tsarin katanga, a nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, tukuna. Lambatun gaban gida a rufe shi da faifan kankare da mutum biyu za su iya ɗagawa, kar a zube shi gaba ɗaya, domin dole a yashe shi a Afrilu da kuma tsakiyar Agusta.