Yadda Ake Sayen Tsohon Jirgin Kamun Kifi a Amurka Ba Tare da An Sha Ka Basilla Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa tafkin Fork ko na Sam Rayburn a jihar Texas da asubar Asabar, ya ga irin jiragen nan: gajeru, masu faɗin bene, fentinsu na walƙiya kamar leshin biki, ga ƙaton inji rataye a baya. Don kifi guda aka ƙera su, wanda ake kira bass, mai ƙaton baki kamar ɗan giwan ruwa. Sabo yakan kai kuɗin mota mai kyau, shi ya sa yawancinmu kan nufi na hannu, wanda ya shekara ashirin ko talatin. Na sayi biyu. Na farkon ya ci kuɗina, na biyun nake ci da shi, kuma a tsakaninsu na koyi abin da zan faɗa maka.

Fara da yanke shawara tsakanin faiba da alminiyom. Na faiba, irin su Ranger da Skeeter, sun fi nauyi, sun fi zama daram idan iska ta taso. Na alminiyom, irin Bass Tracker da ɗan kasuwar kayan kamun kifi Johnny Morris ya fito da shi a 1978, ba su da nauyi, ƙaramar mota ma ta ja su, gyaransu kuma da sauƙi. In wannan ne jirginka na farko, ni dai alminiyom zan nuna maka. Ka kuma nemi saye a ƙarshen kaka ko cikin hunturu, lokacin da mai jirgi ke neman wurin ajiya a gareji. Da bazara ta shigo kowa ya tuna yana son kifi, farashi ya haura.

Ka ga talla a Facebook ko shafin tallace-tallace na Craigslist, ka kira. Kafin ka kama hanya, ce wa mai shi kada ya tada injin sai ka iso. Da isarka ɗora tafin hannu a kansa. In da ɗumi, an riga an lallaɓa shi ne don kada ka ga yadda yake fama da tashin farko.

Sai takardu, tun kafin sha'awa ta rufe maka ido. Kowane jirgin da aka ƙera tun daga ƙarshen 1972 yana da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bangon baya, sama ta dama. A jiragen da aka yi daga 1984 zuwa yau, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Gwada ta da ta takarda, ɗaya bayan ɗaya. A Texas jirgi da takardar mallakarsa, inji ma da tasa daban, tirela kuma da rajistarta. Wanda ya ce maka takardar tana wajen surukinsa, ka yi masa sai anjima.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Bangon bayan nan da inji ke rataye a jiki, a yawancin tsofaffin jiragen faiba katako ne a ciki, aka lulluɓe shi. Ruwa kan shiga ta ramukan kusoshi, shekara da shekaru, katakon ya ruɓe, waje kuma fes. Mutumin da ya sayar mini da na farko ya wanke shi har ina ganin fuskata a jiki, ni kuwa ina ta shafa kujeru kamar mai zaɓen gadon amarya. Wata uku bayan nan na zare kusa ɗaya, sai ga ruwa mai launin shayi yana tsiyaya, yana warin tsohuwar rijiya. Kuɗin da aka yanka mini na gyara ya zarce abin da na biya.

Ga yadda ake gane shi. A ɗaga injin sama, ka kama ƙasansa da hannu biyu ka danna da ƙarfinka, idonka a kan bangon. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Sannan ka bi shi da gindin sukudireba kana ƙwanƙwasawa: lafiyayye yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum, kamar kankanar da ta wuce lokaci. Duba tsagewa a kusurwoyi da tsatsa a ƙarƙashin kusoshi. Hau benen ka taka ko'ina da dunduniya, musamman gindin kujeru. Inda ya lotsa, kafet ne kawai ke rufa masa asiri.

Inji shi ne rabin kuɗin, wani lokaci fiye. Je da ma'aunin matsin silinda, ba shi da tsada a shagon kayan mota. Cire fulogai duka, ka auna kowace silinda. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana a ciki. Sassauta kusar ƙasa ta akwatin giyar injin ka ɗiga man a yatsa. Baƙi ko ruwan zuma, babu laifi. Fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Ɓarɓashin ƙarfe kuwa, haƙoran giya ne ke cin juna. Idan an tada shi, dole ka ga siririn ruwa na fita ta baya da ƙarfi, alamar famfon sanyaya yana aiki.

Tambayi yaushe aka yi amfani da shi na ƙarshe. Wanda ake fita da shi duk mako ya fi mini wanda ya shekara uku a ƙarƙashin tamfol, domin fetur ɗin Amurka da ake haɗa wa sinadarin itanol kashi 10 cikin 100 yana jan ruwa, ya cinye tiyo, ya toshe kafireto. Sunan injin ma abin lura ne. Kamfanin da ke yin Johnson da Evinrude ya karye a ƙarshen 2000, kuma an daina ƙera Evinrude baki ɗaya a 2020. Tsofaffinsu masu kafireto suna da juriya, amma fara tambayar makanikin yankinka ko yana taɓa su. Mercury da Yamaha ba a rasa kayansu.

Ƙananan abubuwa, bi su da sauri: ɗan injin lantarki na gaba, batura, famfon kwashe ruwa, ramin ajiye kifi da rai, fitilu. Waɗannan na ciniki ne, ba na fasa saye ba. Tirela kuwa ka tsuguna mata. A jikin taya akwai alƙaluma huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta; in ta haura shekara shida, sa kuɗin sabuwa a lissafi komai kyan zanenta. Girgiza kowace ƙafa ka ji ko boris na wasa.

Kada ka miƙa ko sisi sai an shiga ruwa. Ka ce kai za ka zuba mai. Bar injin ya yi zafi, a ba shi wuta har ƙarshe na 'yan mintuna, a kashe, a sake tayarwa. Bayan an fito da jirgin kan tirela, zare toshiyar da ke can ƙasan baya ka tsaya ka gani. Kofi ɗaya ko biyu na ruwa ba komai ba ne. In ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo, ka mayar masa da makullinsa.

In komai ya yi, to sai ciniki. Rubuta duk aibin da ka gani da kuɗin gyaransa a takarda, ka miƙa masa ya karanta da kansa, ka yi shiru. Ka bar wa kanka akalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a aljihu, don makon farko za ka sauya robar famfon ruwa, man giya da fulogai, ko da ya rantse maka jiya ya sa sababbi.