Yadda ake samun izinin zama ko fasfo na biyu ta hanyar zuba jari

Da farko ka tantance abin da kake nema, domin izinin zama daban, zama ɗan ƙasa daban. Bizar shekara 10 da Daular Larabawa ke bai wa wanda ya mallaki gida na dirhami miliyan 2 izinin zama ce kawai. Haka iƙamar musamman ta Saudiyya, wadda ake biyan riyal 800,000 sau ɗaya a zauna dindindin: ba ta mayar da mutum ɗan Saudiyya. Cikin masu ba da fasfo kai tsaye akwai Turkiyya, idan ka sayi gida na dala 400,000 ka riƙe shi shekara 3, da wasu ƙananan tsibirai 5 na yankin Karibiyan. Sen Kits da Nebis ce ta fara a 1984, sai Dominika a 1993, daga baya Antigwa, Girenada da Sen Lusiya suka biyo. Tun 2024 suka amince kada farashi ya gaza dala 200,000.

Sai ka duba dokar ƙasarka. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wanda aka haifa ɗan ƙasa ya riƙe wata ƙasar ba tare da ya rasa tasa ba.

Mataki na gaba shi ne zaɓen hanya. A Karibiyan manyan hanyoyi biyu ne: ko ka ba asusun gwamnati gudummawa, kuɗin da ba ya dawowa, ko ka sayi hannun jari a otal ko gidajen da gwamnati ta amince da su. Ta biyun ta fi daɗin ji, amma ni ba na ba da shawararta sai ga wanda ya je ya ga ginin da idonsa. Akwai shekarun da doka ta hana ka sayarwa, kuma ranar da ka tashi sayarwa masu saye kaɗan ne.

Daga nan ka nemi wakili mai lasisi. A Karibiyan ba a karɓar takardu daga hannun mai nema, sai ta wakilin da hukumar ƙasar ta wallafa sunansa a shafinta na intanet. Ka shiga ka duba da kanka. Duk wanda ya yi maka tayin fasfo ƙasa da farashin gwamnati, ka guje shi.

Inda aikin yake shi ne takardu. Za a nemi fasfo, takardar haihuwa, ta aure, shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, da gwajin lafiya. Waɗannan masu sauƙi ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne bayanin inda dukiya ta fito. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a Kantin Kwari amma cinikinsa duk hannu da hannu ne, babu rajistar kamfani, babu shaidar biyan haraji, zai sha wuya ko da halal ɗinsa ce tsantsa. Ka fara gyara wannan tun da wuri, kuɗi su riƙa bi ta banki. Kada ka ɓoye cewa an taɓa hana ka biza, domin kamfanonin bincike ake ɗauka su tono, ga kuma ganawa da za a yi da kai. Mai mata fiye da ɗaya ya faɗa wa wakili tun ranar farko, saboda an tsara fom ɗin ne a kan mace ɗaya.

Kuɗin bincike da na wakili ake fara biya. A Karibiyan, babban kuɗin sai bayan an amince da buƙatarka, kuma asusun da gwamnati ta ayyana kaɗai ake turawa.

Kafin ka sa hannu, ka san cewa darajar fasfon tana hannun wasu ƙasashe. A Yulin 2023 Birtaniya ta wajabta biza ga masu fasfon Dominika da Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, saboda wannan ciniki. Saifurus ta rufe nata shirin a 2020 bayan binciken Al Jazeera, kotun Tarayyar Turai kuma ta haramta na Malta a Afrilun 2025.

Yadda kuɗin ke shafar 'yan ƙasar shi ke nuna ko shiri zai ɗore. Dominika ta gina gidaje da shi bayan guguwar Mariya ta 2017, da shi kuma take gina babban filin jirgin sama, har a wasu shekarun ya haura rabin kuɗin shigar gwamnati. Ƙasa irin wannan ba za ta so rufe ƙofa ba, amma dole ta bi duk sharaɗin da Turai da Amurka suka gindaya. A Turai kuwa jama'a sun koka cewa baƙi masu kuɗi suna tsadantar da gidaje. Fotugal ta cire sayen gida daga shirinta na izinin zama a 2023, Sifaniya ta soke nata gaba ɗaya a Afrilun 2025, Girka kuma ta ɗaga farashi zuwa yuro 800,000 a Atina da manyan tsibiranta.