Kafin Ka Loda Dankali, Fara Auna Hanyar

Kusan kashi 80 cikin 100 na dankalin turawa ruwa ne. Wanda ya cika mota da shi, ruwa yake biya wa kuɗin mota, kuma ruwan raguwa yake yi tun a hanya. Shi ya sa ni labarin hanya nake fara nema, farashi ya biyo baya.

Yi lissafin buhu ɗaya tukuna: kuɗin sari, kuɗin mota, ladan 'yan dako wajen lodi da saukewa, abin da ake bari a shingaye, la'adar dillali. Ƙara ragin nauyi da wanda zai ruɓe, don nan ne sababbin shiga suke faɗuwa. In ratar farashi tsakanin gona da kasuwa ba ta haura wannan jimla ba, ka haƙura da tafiyar.

Awa da gargada za ka ƙirga, ba kilomita ba. Dankali sanyi yake so, galibi a tuddai ake noma shi, masu ci kuwa suna birane inda ake zafi. Gajeren burji mai ramuka yakan fi doguwar kwalta ɓarna. Buhunan da ke ƙasan lodi ke shan wahala: fatar dankalin ta sale, ruɓa ta shiga ta wurin, sai an kwance baki ka ga jiƙa tana nasowa, ga wari. Don haka ka sari wanda aka sare wa ganye aka bar shi kamar mako 2 a ƙasa, fatarsa ta yi ƙwari. A yi lodi da yamma, a bi dare, a rufe yadda iska za ta shiga. Haske yana mayar da shi kore, koren kuwa ga ɗaci ga cutarwa.

Sai ka duba su wa za ku haɗu a kasuwar. Yankin da ya fi naka nisa, in yana bakin kwalta, zai iya karya maka farashi, musamman idan direbobinsa suna samun lodin komawa. Motar da za ta koma wayam, kai za a caza zuwa da dawowa. Tambayi 'yan kamasho, sun fi dillali faɗin gaskiya a kan wannan.

Kuma kada ka yi saurin murna da sabuwar hanya. Yadda ta fitar da naka, haka za ta shigo da na wasu. Da damina kuwa, in gada ta karye, farashi ya faɗi a gona ya tashi a birni, mai hanya ta biyu shi ke kwasar ribar makon.