Yadda na gyara libarbata da silinda ta cije

Ƙirar kamfanin Colt ce samfurin 1873, wadda sai ka ɗana guduma, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, da babban yatsa kafin kowane harbi. A filin harbi a Texas silindarta, wato ɓangaren da ke juyawa mai ramukan harsasai shida, ta fara cijewa.

Na ɗana guduma rabi, na buɗe ƙofar lodi, na kwashe harsasai kaf. Sannan na danna makullin gefe, na zare sandar da silinda ke juyawa a kai. Dauɗar albarushi ce ta daskare mata, baƙi ƙirin, har fuskar silinda. Na goge da burushin tagulla, na ɗiga mai kaɗan. Mai yawa ƙura yake tarawa. Yanzu tana juyawa sumul.

Harsashi biyar nake sawa, guduma kan ramin da ba komai, domin irinta in ta faɗi tana iya tashi.